An cire wa a-kori-kura kafireto a Bauchi: abin da kwamfutar haɗin gida ta gyara da abin da ta tona

Motar Peugeot 504 ce a-kori-kura, irin haɗin Kaduna, mai injin fetur na silinda huɗu da girmansa ya kai sisi 1,971. Aikinta ɗauko dankalin Turawa da kabeji da karas daga Jos zuwa kasuwar Muda Lawal a Bauchi, in za ta hau kuma ta tafi da buhunan hatsi ko duk lodin da ya samu. Tafiyar wajen kilomita 130 ce, kuma ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce. Bauchi tana kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga matakin teku, Jos kuwa ta haura 1,200.

Mai motar ɗan kasuwa ne da ke da irinta guda biyu. Ya daɗe da sanin tana shan mai, amma abin bai dame shi ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Daga nan duk sawu ɗaya sai ya zauna da direba su yi lissafi, kuma lissafin ba ya yin daɗi.

Kafireton, wato abin da ke gauraya mai da iska kafin su shiga injin, ya sha gyara har ya gaji. Sandar totur ta cinye mazauninta, iska tana kutsawa ta gefe, an taɓa buɗa jet da waya don motar ta daina shaƙewa a hawa. Distiributa, mai raba wa fulogi wuta, ita ma haka: sifirin ɗin da ke riƙe nauyin ciki sun saki, kwantak yana buƙatar saiti kowane 'yan makonni. A garejin da ake kai ta, a bakin hanyar Jos, akwai wani matashin rewaya da ya yi difloma a fannin lantarki. Shi ne ya ce a bar facin nan haka, a ɗora mata kwamfuta.

Abin da aka haɗa

Ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Tun 2001 wasu Amurkawa biyu, Bruce Bowling da Al Grippo, suka fitar da MegaSquirt, kwamfutar injin da mutum zai haɗa da hannunsa ya saita da kansa. Daga baya Josh Stewart na Ostireliya ya fito da Speeduino, wadda ke hawa kan allon Arduino Mega 2560, irin wanda ɗaliban lantarki ke yin aikin kammala karatu da shi. Ita rewayan ya zaɓa, saboda ta fi sauƙin kuɗi kuma zanenta a buɗe yake ga kowa. Ya yi odar allon daga waje, ya zauna ya liƙa kayan cikinsa da dalma ɗaya bayan ɗaya. Saiti kuma ana yinsa ne da laftof ta manhajar TunerStudio.

Aikin kwamfutar lissafi ne kawai. Kowace silinda ta wannan injin tana ɗaukar sisi 493. Litar iska a bakin teku, a zafin digiri 20, nauyinta wajen giram 1.2 ne, wato in silinda ta cika maƙil ta zuƙi kusan giram 0.6. Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska a nauyi, don haka rabon wannan silindar wajen giram 0.04 ne na mai. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, sau ɗari ake wannan awon a kowane sakan. Kafireto yana yinsa ne da zuƙon iska da girman rami, kuma bai san ko a Wunti yake ko a Tilden Fulani ba. Matsin iska a Bauchi wajen kilofaskal 94 ne, a Jos wajen 87. Tsakanin asubahin hunturu mai digiri 14 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, nauyin iskar Bauchi kanta yana bambanta da kusan kashi 9 cikin ɗari. Duk sa'ad da iska ta yi sauƙi, kafireto sai ya riƙa zuba mai fiye da kima.

Ita kuwa kwamfutar tana tambayar sensa: matsin iskar da ke cikin manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga silinda, nawa ne, zafinta nawa, zafin ruwan injin nawa, juyi nawa, ina ƙafar direba take a kan totur. Sai ta duba jadawali mai layi 16 tsaye da 16 kwance, ta yanke milisakan nawa za ta buɗe nozul mai fesa fetur, da lokacin da za ta ba fulogi wuta. Ba ta gani, ba ta ji, ba ta sansana hayaƙi. Duk abin da sensa ta gaya mata shi ne gaskiya a wurinta. A nan mafi yawan wahalar aikin nan ta fito.

Wajen zuba mai, an bar maganar dasa nozul huɗu, domin sai an huda hanyar shigar iska an yi waldar alminiyam. An ɗauko kan totur mai nozul ɗaya na Golf 3 mai injin 1.8, wanda Bosch ta ƙera, abin da ba ya wahalar samu tunda Golf ta cika tashoshinmu. Mai injin sassaƙa ƙarfe ya yanka faranti aka zaunar da shi daidai inda kafireto yake. Wannan nozul ɗin da matsin mai na wajen kilofaskal 100 yake aiki, kuma juriyarsa ga lantarki ba ta kai om biyu ba, don haka dole a sa masa rezisto a layi, in ba haka ba ya ƙone ko ya ƙona allon. An sa famfon mai na lantarki da filta, an ja tiyon da zai mayar da rarar mai tanki. Famfon ta rile aka bi da shi, kwamfuta ke kunna shi, tana kashe shi da zarar injin ya tsaya. Maigidan garejin ya so a haɗa shi kai tsaye da makulli kamar yadda aka saba, rewayan ya ƙi. Ya yi daidai: mota ta kife famfo yana ci gaba da feso fetur ba abin wasa ba ne.

Wuta tukuna, mai daga baya

Dabara mafi kyau da aka yi a aikin nan ita ce raba shi gida biyu. Da farko an bar kafireto a wurinsa, kwamfutar ta karɓi aikin wuta kaɗai. An ɗaura wa fulin karanshaf faifan ƙarfe mai gurbin haƙora 36, an cire ɗaya. Kowane haƙori digiri 10 ne, giɓin kuma shi ke gaya wa kwamfuta inda fistin yake. Sensa tana zaune nesa da haƙoran da kamar milimita ɗaya. Koyil mai baki huɗu na Volkswagen ya maye gurbin distiributa, yana ba silinda ta 1 da ta 4 wuta tare, ta 2 da ta 3 tare. Wannan ya kashe wata gardama tun ba ta yi nisa ba. Peugeot daga wajen giya take fara ƙirga silindarta, ba daga wajen lagireto ba, amma tunda ta farko da ta ƙarshe tare suke hawa, ko ta ina ka ƙirga daidai ne.

Injin ya tashi, amma da ya wuce juyi 2,500 sai ya riƙa yankewa yana harbi. Bayanan da laftof ta naɗa sun nuna kwamfutar tana ɓatar da ƙirgar haƙora. Abu biyu ne: wayar sensa ta bi kusa da wayoyin fulogi, sannan negatif ɗin kwamfutar an kama shi a jikin bodi mai tsatsa. Aka sauya waya mai rigar kariya, aka sa fulogi masu rezisto, aka tattara duk negatif ɗin wuri ɗaya a jikin injin. Sai aka kulle tayimin, wato lokacin ba fulogi wuta, a digiri 10 cikin manhaja, aka haska fuli da fitilar tayimin, aka yi ta gyara lamba har abin da ke kan laftof ya yi daidai da abin da ido ke gani, a sulo da kuma a juyi mai yawa. Wanda ya tsallake wannan matakin, duk jadawalin da zai rubuta daga baya a kan ƙarya ya gina shi.

A haka motar ta koma aiki da kafiretonta. Direban ya ce tana tashi bugu ɗaya, kuma hawan da ke bayan Magama Gumau da yake saukowa giya biyu yanzu uku tana ja. Mai motar ya auna mai yadda ya kamata: a cika tanki a gidan mai ɗaya, a je Jos a dawo da lodi irin na kullum, a sake cikawa. Ya ga sauƙi, ba mai yawa ba, amma na gaske.

Inda aka zaci riba, ba a gan ta ba

Da aka cire kafireto aka ɗora nozul, kowa ya sa rai. An huda salansa an dasa sensar oksijin mai faɗin awo, Bosch LSU 4.9, wadda ke faɗin ainihin yawan iska da mai, ba irin ta motocin da aka saba ba da iyakarta ta ce ya yi yawa ko ya yi kaɗan. An rubuta abin da ake nema: 14.7 a tafiyar yau da kullum, ɗan sama da haka a miƙaƙƙiyar hanya ba lodi, wajen 13 idan an take totur a hawa. Rewayan ya zauna gefen direba da laftof a cinya, manhaja tana gyara jadawali da kanta, suna kai da kawowa a hanyar Dass.

Motar ta yi laushi, ta yi ƙarfi. Da aka auna mai kuwa, bai ragu da komai ba a kan matakin baya. Fulogi sun fito baƙi ƙirin. Mai motar ya zo gareji ransa a ɓace, ya ce shi ba laushi ya biya kuɗi a kai ba.

Rewayan ya koma kan bayanan doguwar tafiya guda, Bauchi zuwa Jos da dawowa, a cikin hunturu. Layin zafin ruwa ne ya fara ɗaukar hankalinsa. A hawa yana taɓa digiri 70, a gangarowa kuwa yana faɗowa ƙasa da 55 ya zauna can. Kwamfutar an gaya mata duk injin da bai kai wajen digiri 75 ba bai gama ɗumi ba, a ƙara masa mai, aikin da cok ke yi a kafireto. Ke nan motar tana yin kusan duk tafiyarta da cok a jawo. Da aka kwance mazaunin tamostat, bawul ɗin da ke hana ruwa zagawa lagireto har sai injin ya ɗumi, sai aka tarar wayam. Fanka kuma an ɗaure ta tana juyawa dindindin.

Maigidan garejin bai ɓoye ba, shi ya cire da hannunsa shekarun baya.

"Kai yaro, tun ba a haife ka ba muke cire abin nan. Turawa don sanyin ƙasarsu suka sa. Nan Bauchi wane sanyi gare mu?"

"Haka ne, Oga. Amma dubi layin nan. Injin ne ke cewa sanyi yake ji, ba ni ba."

"To gaya wa kwamfutar taka ta daina ƙara man mana. Ba kai ke rubuta mata ba?"

Maganar Oga ba ta banza ba ce, kuma ba jahilci ya sa makanikanmu ke cire tamostat ba. Lagireton da ya shekara goma yana shan ruwan rijiya da na burtsatse hanyoyinsa sun toshe da gasari, murfinsa ba ya riƙe matsi. Tamostat ta gwanjo kuma takan maƙale a rufe, ta ƙona gasket a tsakiyar daji. Bakanike ya zaɓi asarar da ba a gani a kan asarar da za a zo a zage shi a kanta. Kuma gaskiya ne, cikin minti ɗaya za a iya sauke lambar a manhaja, a ce daga digiri 50 injin ya yi ɗumi.

Sai dai hakan ba zai ɗumama manifol ba. A tsarin nozul ɗaya, fetur daga sama ake fesa shi, sai ya bi doguwar hanya kafin ya kai bawul. In bangon hanyar da sanyi, wani kaso yana kwantawa a jiki ya zama ruwa, silindun ba sa samun rabo daidai, wata ta ƙoshi wata ta kwana da yunwa. Ƙarin man da ake yi wa injin mai sanyi don cike wannan giɓin ne. Ka cire shi ba ka ɗumama injin ba, mota ta riƙa shaƙewa duk sa'ad da aka taɓa totur. Ga kuma abin da ba ya fitowa a laftof: injin da ke yawo da sanyi yana wanke bangon silinda da fetur, man ya sauka ya tsinka baƙin mai, ringi su ci da wuri. Shekara da shekaru kafireton yana wannan ɓarnar, ba dai mai rubutawa ba ne.

Aka sasanta a kan abin da ya kamata a fara da shi tun farko. An kwance lagireto an buɗe an zure hanyoyinsa, an sa sabon murfi, an sayo sabuwar tamostat mai buɗewa a wajen digiri 80. Kafin a ɗaura, Oga da kansa ya jefa ta a tafasasshen ruwa ya ga ta buɗe da idonsa. Daga nan zafin ruwa ya zauna tsakanin 80 da 90, hawa da gangara.

Fulogin sun washe, amma ba duka ba. Matsala ta biyu tana salansa. Bututun ya sha walda, kuma akwai ɗan tsagu a gaban sensar oksijin. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugu-bugu yake yi, tsakanin bugu da bugu tsagun yana zuƙo iskar waje. Sensa ta ga oksijin ta ce mai ya yi kaɗan, manhaja ta yarda ta yi ta ƙara lamba a gurabun sulo da ƙaramin juyi. Abin da ya tona asirin shi ne siffar jadawalin: ya nuna wai injin ya fi cika da iska a sulo fiye da a juyi 2,500, abin da ba ya yiwuwa. Aka toshe bakin salansa da tsumma, aka ji inda yake huci, aka kai wa mai walda. Duk saitin da aka yi a baya sai da aka zubar aka sake daga farko.

Sauran saiti

Abin da ya rage bai ɗauki dogon lokaci ba. An kunna yanke mai a gangara: in ƙafa ta bar totur, mota tana cikin giya, juyi yana sama, nozul ba ya fesa ko ɗigo. Ga motar da ke gangarowa mita 600 kowane sawu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kafireto a irin wannan halin zuƙar mai yake ta jet ɗin sulo. Bambancin tsayi tsakanin garuruwan biyu bai buƙaci wani dogon aiki ba, tunda sensar matsin manifol tana ganinsa da kanta.

Tayimin ne ya buƙaci kunne. Da zafi ya shigo a Maris, da cikakken lodi a hawa, injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, alamar mai yana fashewa ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke huda fistin in an bar shi. Ya fi yi idan direba ya ƙara mai a wurin 'yan bumburutu. Ba a sa sensar da ke jin wannan ƙarar ba, don haka aka ja tayimin baya da digiri uku a gurabun nauyi, aka kuma sa kwamfutar ta ƙara ja da kanta idan iskar shiga ta yi zafi sosai. An yi asarar ɗan ƙarfi. A ganina ga motar haya da ba ka san man da za a zuba mata gobe ba, haka ya fi.

Sai halin direba. Ya saba sayen mai kaɗan-kaɗan yana yawo da tanki kusan wayam. Kafireto yana da ɗan kofinsa da ke rufa asiri a kwana, famfon lantarki kuwa da ya zuƙi iska injin ya yanke, kuma famfon da man yake sanyaya kansa. Aka ƙera ƙaramin tanki na kamar lita ɗaya a gaban famfo. An kuma rubuta dokoki uku an manna a bayan mazaunin direba: kada a cire kan batir injin yana aiki don gwada caji, kada a yi walda a jikin motar ba a zare filogin kwamfuta ba, kada masu wankin mota su watsa ruwa a ƙarƙashin dashbod.

Abin da awo ya nuna

Bayan duk wannan, awon cika tanki ya nuna ragin da mai motar ya gamsu da shi, ko da yake bai kai rabin da direban ke kurari da shi a tasha ba. Tambayar da ta fi wuya ita ce nawa ne rabon kwamfuta a ciki. Motar da ake kwatantawa da ita mai mataccen kafireto ce, da gajiyayyar distiributa, ba tamostat, ga fasasshen salansa. Da an gyara waɗannan huɗun da kayan asali, da an samu kaso mai tsoka na ragin ba tare da ko waya ɗaya ba. Abin da kwamfutar ta kawo nata na kanta shi ne yanke mai a gangara, bin sauyin iska tsakanin Bauchi da Jos da tsakanin hunturu da bazara, da tayimin da ba ya gocewa. Sai kuma bayanan da take naɗawa, waɗanda su suka nuna cutar da gareji ya shekara yana kallo bai gani ba.

Akwai farashin da ba ya cikin lissafin mai. A da, in motar ta tsaya a Nabardo ko Toro, duk bakaniken bakin hanya zai busa jet ya goge kwantak ta tashi. In batir ya yi sanyi, a tura ta. Yanzu famfo da kwamfuta da koyil duk wuta suke so, kuma mutum ɗaya ne a garin ya san abin da ke cikin akwatin. Mai motar ya faɗa wa rewayan haka a fili: "Injiniya, ranar da ka samu aiki a Abuja fa?" Amsar da aka iya bayarwa ita ce an zana taswirar wayoyin a takarda, an ajiye kwafin saitin a filasha biyu, ɗaya a hannun Alhajin mai motar, an kuma fara koya wa wani yaron garejin karanta laftof. Akwai sensar karanshaf da rile na ko-ta-kwana a cikin motar.

Da aka zo kan a-kori-kura ta biyu, Alhajin bai yarda a cire mata kafireto ba. Nata da sauran ƙarfi, kuma ita ce ke shiga kasuwannin ƙauye inda ba mai laftof. An wanke mata lagireto, an mayar da tamostat, an ɗinke salansa, an ɗora mata kwamfuta a kan wuta kaɗai, an bar distiributa a mazauninta yadda za a iya mayar da wayoyin fulogi cikin 'yan mintuna. Ta farkon kuma har yanzu da sauran aiki ɗaya: ba a haɗa abin da ke ɗaga sulo da kansa ba, don haka da asubahin hunturu sai direba ya ɗan riƙe totur da ƙafa kafin ta zauna. Rewayan yana jiran Disamba ya gyara wannan, domin injin sau ɗaya yake yin sanyin gaske a rana, kuma a wannan ɗan lokacin kaɗai ake iya saita shi.